Takardar kyamarar danja a Niyok: kurakuran da sababbin direbobinmu ke ta maimaitawa

Da wuya wata ya wuce wani sabon zuwa bai turo min hoton takarda ta WhatsApp ba, hankali a tashe: kyamara ta ɗauke ni na keta danja, lasisina ya tafi ke nan? Bai tafi ba. A birnin Niyok tarar dala 50 ce, ba a sa maka makin laifi a lasisi, ba a kai wa kamfanin inshora labari. Wadda ɗan sanda ya tsayar da kai ya rubuta da hannunsa ita ce mai maki 3. Ta kyamara mai sauƙi ce, mu ne muke mayar da ita ɗaruruwan daloli da hannunmu. Tun 1994 ake amfani da waɗannan kyamarori a birnin, kuma a 2024 doka ta yarda a faɗaɗa su daga mararraba 150 zuwa 600, saboda haka takardun nan ƙaruwa za su yi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yin shiru. Kwana 30 gare ka, ko ka biya ko ka ce ba ka yarda ba. In ka wuce, a ƙara dala 25. In ka ci gaba da shiru, a yanke maka hukunci a bayan idonka, bashin ya fara tara ruwa. Da zarar bashin da aka yanke wa hukunci ya haura dala 350, duk inda aka ga motarka ana iya sa wa tayarta marin ƙarfe ko a ja ta.

Wannan ya taɓa cina, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na ba ɗan 'yar uwata aron mota yana zuwa aiki, shi ne kuma ke buɗe akwatin wasiƙa a gidan. Duk takardar da ya gani da hoton motar, ta danja ko ta gudu a kusa da makaranta, sai ya ninke ya cusa a jaka, wai kada in yi masa faɗa. Na fito da asuba zan tafi aiki, sai ga ƙarfe rawaya damƙe da tayar gaba, ga takarda manne a gilashi. Aikin ranar ya tafi, ga tara, ga ƙarin makara, ga kuɗin cire ƙarfen. Da na titsiye shi ya ce, "Kawu, na zata za su manta." Wa zai manta? Kwamfuta ce! Ku samari, faɗan kawu na minti biyar ne, ɓoye takarda kuwa cin amana ne. Tun daga lokacin, kowane farkon wata nakan shiga shafin ofishin kuɗi na birnin in sa lambar motata in ga ko ana bina wani abu. Wanda ya sauya gida kuma, doka ta ba shi kwana 10 ya sanar da hukumar rajistar motoci, don takarda tsohon adireshi za ta bi, kuma agogo ba zai tsaya jiranka ba.

Kuskure na biyu, zuwa gaban alƙali da hujjar "ba ni nake tuƙi ba". A Niyok wannan magana ba ta da kasuwa. Kyamara bayan mota take ɗauka da lambarta, mai motar ake bi. Sau nawa zan faɗa? Wani ya ji labarin abokinsa na Kalifoniya ya tsira da wannan hujja, sai ya zo yana ɗaga murya. Can dokarsu daban: a tsarin da suka saba, direba ake tuhuma, har fuskarsa ake ɗauka, tarar ta kai ɗaruruwa ga maki a kai. A Teksas kuwa an hana kyamarorin tun 2019. Kowace jiha da nata, kada ka ɗauki shawarar wanda ba a jiharka yake tuƙi ba. In wani ka ba aro, biya, sannan ka karɓi kuɗinka a wurinsa.

Hujjojin da ake saurare kaɗan ne, kuma duk takarda suke so. An sace motar ko lambarta: kawo rahoton 'yan sanda. Ka sayar kafin ranar: kawo takardar ciniki da shaidar mayar da lambar motar ga hukuma. Fitilar ta lalace, ko ɗan sanda ya riga ya rubuta maka a kan wannan ketawar aka hukunta ka: kawo shaida. Ni dai kafin in ce uffan, sai na ƙura wa hotunan ido: lambar tawa ce harafi da harafi? Motar irin tawa ce? Tayoyin gaba suna bayan farin layi lokacin da ja ta kama, ko na riga na shiga tun tana rawaya? In hoton ya nuna na keta, biya nake a ranar. In da abin faɗa, ta intanet ake tura ƙorafi, ba sai ka rasa wuni ba. Amma fa kada ka biya sannan ka dawo ka ce ba ka yarda ba, biya amsa laifi ne. In alƙali ya ƙi, kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara.

Masu zuwa daga wasu jihohi: a cikin birnin Niyok ba a karya kwana dama a kan ja, sai inda allo ya ce a yi. Rufe lambar mota da leda ko shafa mata maiko laifi ne na daban da ya fi tarar tsada. Saƙon waya da ke cewa ka danna nan ka biya yanzu-yanzu kuma, goge shi, na 'yan damfara ne. Takardar gaskiya ta gidan waya take zuwa, da hoton motarka a jiki.