Danjar babur ta rikice: kurakuran da ake yi wajen neman matsalar at, hanyar komawar wuta

Wata Laraba cikin damina wani ɗan acaba ya shigo rumfata da babur ɗinsa, ransa a ɓace. Ya ce, "Oga, danjar nan ta gagare ni. Ƙwai uku na saya cikin sati biyu." Na ce ya taka birki mu gani. Da ya taka, danjar ta yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, sigina ta gaba da ta baya suka ɗauka dishi-dishi, alhali bai taɓa makunninsu ba. Na ɗauko guntuwar waya, na ɗora baki ɗaya a kan negetib na batir, ɗaya bakin na dangwala a jikin ƙarfen soket ɗin ƙwan. Nan take danja ta haska fes, sigina suka mutu. Duk ƙwayayen da ya cire lafiyarsu ƙalau.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane: a ga fitila ta yi rauni a ɗora wa ƙwai laifi. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana fita daga batir ta bi waya zuwa ƙwai, sannan ta koma ta hanyar da mu masu wayarin muke kira at, ko dai ta wata waya ta musamman ko ta jikin firam ɗin babur. Idan hanyar komawa ta toshe, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi wata ƙofa.

A nan ne abin yake rikita mutane. Ƙwan danja na yawancin baburanmu zare biyu gare shi a ciki, mai wat 5 na fitilar dare da mai wat 21 na birki, kuma su biyun ta jikin ƙarfen ƙwan suke komawa. Ƙaramin zaren bai kai rabin amfiya ba (ma'aunin yawan wutar da ake ja ke nan), babban kuwa yana jan kusan amfiya biyu. At ɗin da ya fara tsatsa zai iya ɗaukar ƙaramin, shi ya sa da dare za ka ga danja na ci lafiya lau. Kana taka birki kaya ya yi masa yawa, sai hasken ya dushe maimakon ya ƙaru. Idan kuma siginonin baya wayar at ɗaya suke ci da danja, wutar birki za ta bi ta cikin zarensu da baya, ta wuce har na gaba, ta sauka a can. Wani lokaci fitilar mitar gudun babur ce za ta ɗan ɗauka. Duk lokacin da ka taɓa makunni ɗaya fitila ta daban ta amsa, ka fara zargin at kafin ka saka hannu a aljihu.

Akwai wani abu guda da ke kwaikwayon wannan ciwo, gara a kawar da shi tun farko. Ƙwai mai zare biyu yana da ɗigon dalma biyu a gindi, kuma 'yan ƙusoshin gefensa ba tsayinsu ɗaya ba, don kada a saka shi a juye. Wasu sukan danna shi da ƙarfin tsiya, wasu kuma su cusa mai zare ɗaya a gurbinsa. Ɗigo ɗayan nan sai ya haɗe layin birki da na fitilar dare. Ciro ƙwan ka dubi gindinsa, aikin minti ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na masu mita, wato na'urar auna wutar lantarki, domin su ne suke ganin sun yi gwaji. Mutum zai kashe babur, ya juya mita zuwa wurin da take ƙara, ya taɓa soket da firam, ta yi "tiii", ya ce at lafiya. Wutar da mita ke turawa a wannan gwaji 'yar mitsitsiya ce, silin waya ɗaya da ya rage bai tsinke ba ya ishe ta wucewa. Amfiya biyun birki ba za su wuce ta nan ba. Gwajin gaskiya sai fitila na ci. Ka sa mita a kan volt na DC, baƙin tsinke a negetib na batir, jan tsinke a jikin ƙarfen soket, wani ya taka maka birki. At mai kyau bai kamata ya wuce kamar volt 0.2 ba. Idan ka ga 1 ko 2 ko fiye, wuta na tsiyayewa a hanya. Daga nan sai ka riƙa matsar da jan tsinken baya-baya: kan wayar da ta fito daga soket, bayan haɗi na farko, ƙarƙashin sit, har notin da aka ɗaure at a firam. Inda lambar ta faɗo, to tsakaninsa da wurin da ka baro ɓarnar take. A kula, a kan ƙananan babura da yawa fitilar gaba da ta dare daga kwayil suke shan wutar AC, sai inji na aiki suke kamawa, birki da sigina da hon ne ke kan batir. Shi ya sa nake gwadawa da birki.

Wanda ba shi da mita, guntuwar wayar da na yi amfani da ita ta wadatar.

Sai batun launin waya. Na sha ganin yaron shago ya yanke baƙar waya ya manna a firam don ya ji an ce baƙi shi ne at. A Yamaha haka ne. A Honda kuwa kore ne at, baƙar waya ita ke ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli, kuma baburan China da yawa tsarin Honda suka bi. Suzuki baƙi ne mai ratsin fari, Kawasaki baƙi mai ratsin rawaya. Ka manna baƙar wayar Honda a firam, fis ya tafi. Babur ɗin da ya ratsa hannun masu gyara biyar ma ba a yarda da launinsa, a gwada kawai.

Tunda an zo kan fis, a bambance cuta biyu da ake haɗawa. At da ya kwance ba ya ƙona fis, rage wuta yake yi. Fis na ƙonewa ne idan waya mai wuta ta goge ta taɓa ƙarfe, kuma a bayan babur wurin da aka fi samun haka shi ne inda sit ke danne wayoyi, ko inda suka ratsa kusa da taya da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya. Wanda ya cire fis mai amfiya 10 ya naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa bai gyara komai ba. Ya mayar da wayarin ɗin babur gaba ɗaya fis, kuma tankin mai na nan kusa.

An gano wurin, saura gyara, nan ma ana ɓata aiki. Kada a ɗaure at a jikin murfin tayar baya ko kariya. Wasu na roba ne, wasu a kan roba suke zaune, wasu fenti ya raba su da firam. Hannun da ke riƙe da tayar baya ma bai dace ba, tunda motsi yake yi a kan bushi. A nemi noti a jikin firam kansa, a goge wurin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a sa wa wayar kan zobe, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a kai don kada ruwa ya samu shiga. Giris bayan ɗauri, ba fenti kafin ɗauri ba. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif kuwa ba ya kai ƙarshen damina: zafi ya saki salatif, ruwa ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore. A like da dalma ko a sa mahaɗi na kirki.

Ciwon babur ɗin ɗan acaban nan a cikin soket ɗin kansa yake. Gilashin danjar ya tsage, ruwan wanki da na sama suna taruwa a ciki, wurin da wayar at ta kama jikin soket ya zama gari. Na goge, na like sabuwar waya, na ja ta har firam a ƙarƙashin sit, na ɗaure ta nesa da taya. Mita ta nuna 0.1 da aka taka birki. Na mayar masa da tsohon ƙwansa na farko da ke cikin aljihunsa, na ce ya canza gilashin kafin ya sake kai babur wanki.