Yadda zaka nuna ma yara wa ke cin murjani a teku, ko da a Damagaram kake

Wani malami abokina ya tambaye ni wai ya zai yi ma ɗiyan lakwal bayanin dabbobin da ke cin murjani alhali ruwan da suka sani bai wuce tabkin damina ba. Nace mishi sauƙi gare shi, fara da abin da ke gida.

Ka ari murjanin wuyan tsohuwa in akwai, ka nuna musu. Shi jan nan yawanci daga Bahar Rum ake ciro shi, ba shi ne ke gina tudun ƙarƙashin ruwa ba amma dangi ne. Ka gaya musu murjani dabba ce ba itace ba, ƙananan halittu ne masu taushi da ke gina gidan dutse suna zaune a ciki. Sai ka jefa ɓawon ƙwai cikin binegar a kofin gilashi, su matso su ga kumfa na fita a jikinsa, sinadarin ɓawon nan da na gidan murjani iri ɗaya ne. Nan fa kowa zai yi tsit.

Daga nan ka buɗe bidiyon tudun murjani a waya (ka sauke tun dare, kasan halin rezo). Kar ka ce su hardace sunaye, ka koya musu duba tabo a jikin murjanin, yadda makiyayi ke duba sawu ya gane kura ce ko kare.

In sun ga kankara biyu-biyu kamar an karta da cokali to kifin aku ne, haƙoransa sun haɗe sun zama baki irin na aku, yawanci gansakuka yake nema amma yana haɗawa da dutsen ya niƙe a maƙogwaro ya kasayar da farin rairayi. Mafi girma a cikinsu mai ƙullutu a goshi yana wuce mita 1. Farin yashin bakin ruwa a Hawai da yawansa kashin kifin nan ne, in ka faɗi wannan yara sai sun yi ta dariya, ka bar su su yi, ba za su manta ba.

In kuwa wuri guda ya yi fari fat amma dutsen bai karce ba, tauraron teku ne mai ƙaya. Wannan shi ne mugun. Hannuwansa kan kai 21, ƙayar da dafi, kuma ba ya taunawa, fito da tumbinsa yake ta baki ya shimfiɗa bisa murjanin ya narkar da naman ya tsotse. In suka yi yawa kamar fara suke, sun sha yin ɓarna a babban tudun murjanin Ostiraliya mai tsawon kilomita 2,300, har masu nutso ke bin su ɗaya-ɗaya suna musu allurar binegar, wanda ke kofin ka ɗin nan.

Akwai kifin malam-buɗe-littafi mai ɗan tsinin baki, shi tsinta kawai yake, da wuya ka ga tabonsa.

Abu guda ka kiyaye, in fili duka ya yi fari ba ci aka yi ba, zafin ruwa ne ya kore launin. In akwai ɗan alhaji a ajin ka tura shi ya tambayi baba ko ya shiga tsohon garin Jidda, gidajen can da dutsen murjanin Bahar Maliya aka gina su.