Yadda Ake Gane Ma'anar "Take Off" a Cikin Jimla

Ɗalibin da ya haddace cewa "take off" cirewa kawai yake nufi zai sha wuya a jarrabawar WAEC ko JAMB, domin wannan furuci na Ingilishi yana sauya ma'ana gwargwadon kalmomin da ke kewaye da shi.

Da farko, ka duba ko akwai abin da aikin ya faɗa wa. Idan sutura ce, kamar a "take off your shoes", cire takalmi ake nufi. Idan kuɗi ne, mai shago ya ce "I will take fifty naira off", to ragi ya yi maka, yayin da "take Friday off" ke nufin ɗaukar hutun aiki ranar Juma'a. A nan ya kamata ka kula sosai, domin dole wakilin suna ya shiga tsakiya: "take it off" ake cewa, ba "take off it" ba.

Idan kuwa babu abin da aikin ya faɗa wa, sai ka dubi mai aikatawa. In jirgin sama ne, tashi ya yi. In mutum ne, ya fice da hanzari. In sana'a ce, ta fara bunƙasa ke nan, kamar mai kilishin da kasuwa ta buɗe masa.