Kurakuran da aka fi yi wajen fitar da laburaren matse sauti ga masu manhaja

Mai rubuta laburaren matse sauti, wato kod da wasu manhajoji ke ɗauka don rage girman fayilin sauti, yakan shafe watanni yana gyaran lissafi don fayil ya ƙanƙance, murya kuma ta fita tas, sannan ya rubuta bayanin amfani a gurguje. Alhali yawancin waɗanda za su ɗauki laburaren ba masana sauti ba ne, masu haɗa manhajar waya ne da ke son murya ta wuce ko da intanet ba shi da ƙarfi. Kuskure a harkar sauti kuma bai cika tsayar da manhaja ba. Komai zai tafi daidai a ido, sai muryar ta fito da ƙaraf-ƙaraf ko ta yi sauri, mai manhajar ya rasa inda gizo ke saƙar. Zan kafa misalai da tsarin matse sauti na Opus, wanda IETF, ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idarsa a 2012 a takardar RFC 6716, kuma shi ne ke ɗauke da saƙonnin muryar da muke turawa a WhatsApp.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne faɗin adadi ba tare da faɗin ma'auninsa ba. A rubuta "girman yanki" a yi shiru. Girman a me? Ɗauki yankin sauti na milisakan 20 a kan samfur 48,000 a daƙiƙa (samfur shi ne lamba ɗaya da ke nuna awon sauti a wani ɗan lokaci). Samfur 960 ke nan a kowane layi. In sautin mai layi biyu ne, hagu da dama, lambobin da ke cikin ma'ajiyar 1,920 ne, in kuma kowace lamba mai bit 16 ce, sun zama bayit 3,840. Adadi uku ga yanki ɗaya, kuma 960 kaɗai opus_encode, aikin da ke matse sauti a Opus, ke so a ba shi. Gyaran shi ne a rubuta ma'aunin a gefen kowane adadi, a cikin fayil ɗin da mai manhaja ke buɗewa, tare da lissafi ɗaya da aka warware har ƙarshe. A kuma faɗi yadda ake jera layukan: hagu, dama, hagu, dama, ko kowane layi da tasa ma'ajiyar.

Haka abin da laburaren ba ya karɓa, a faɗe shi ƙarara tun shafin farko. Opus na karɓar samfur 8,000, 12,000, 16,000, 24,000 ko 48,000 a daƙiƙa. Babu 44,100, wanda shi ne ma'aunin faifan CD da ɗimbin waƙoƙi da karatuttukan da ke wayoyin mutane. Wanda bai sani ba zai iya zuba sautin 44,100 ya ce 48,000 ne, muryar ta yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, ta sirance. Jimla biyu da ke cewa a sauya ma'aunin tukuna, da sunan kayan aikin da za a yi hakan, sun isa.

Sai misalin da ake sawa a bayani. Sau da yawa guntu ne da ba ya haɗuwa, ko kuma ya nuna hanya mai santsi kawai. Ni dai a wurina misali ɗaya cikakke, wanda ke karanta fayil, ya matse, ya warware, ya rubuta sakamako, ya fi shafi ashirin na jerin sunayen ayyuka. Ya nuna yadda ake duba kuskure: a Opus lamba ƙasa da sifili na nufin an samu matsala, opus_strerror kuma na mayar da ita magana. Ya nuna abin yi idan ƙunshin sauti ya ɓace a hanya, domin mai warwarewa na iya cike giɓin in aka kira shi ba tare da bayanai ba, kuma wanda ba a gaya wa ba shiru zai saka a wurin, murya ta riƙa yankewa. A riƙa haɗa wannan misalin ana gwada shi kafin kowace fitarwa, don kada ya tsufa a bar shi.

Akwai wani rami da sababbi ke yawan faɗawa. Sukan jera ƙunshin da aka matse ɗaya bayan ɗaya a fayil, sai su kasa warwarewa, saboda mai warwarewa na buƙatar a gaya masa tsawon kowane ƙunshi. Aikin mazubi ne wannan, kamar Ogg, wanda RFC 7845 ta bayyana yadda ake zuba Opus a cikinsa, har da adadin samfurin da za a zubar a farko saboda jinkirin mai matsewa. Bayani ya fayyace inda aikin laburaren ya tsaya, ya nuna inda za a nufa. Masu Opus sun raba abin: libopus na matsewa da warwarewa, opusfile na karanta fayil, libopusenc na rubuta shi.

Kada a manta da faɗin wanda ke tanadar ma'ajiya da wanda ke sake ta, da mafi girman abin da zai iya fitowa. Ƙunshin Opus na iya kai milisakan 120, wato samfur 5,760 a kowane layi, don haka wanda ya tanadi 960 kawai zai sha mamaki.

Ta fuskar shirya ƙunshin rabawa, babban laifi shi ne canza fasalin laburare ba tare da canza lambar sigarsa ba, manhajojin da aka riga aka haɗa su fara rushewa. Masu FLAC, wani tsarin matse sauti, sun yi daidai a 2022: da siga ta 1.4.0 ta canza fasali, sai sunan fayil ɗin laburaren ya tashi daga libFLAC.so.8 zuwa libFLAC.so.12. Abin da ya fi ma shi ne a ɓoye tsarin ciki, a ba mai manhaja madafa kawai, kamar yadda OpusEncoder yake, ta yadda za a iya gyara ciki ba a taɓa kowa ba. A haɗa da fayil ɗin pkg-config don kada kowa ya yi ta lalube wajen gano inda aka ajiye laburaren. Sannan ƙunshin da aka fitar ya zama cikakke, ba mai sauko da wani abu daga intanet lokacin haɗawa ba. Debian, ɗaya daga cikin masu rarraba tsarin kwamfuta na Linux, ba ta yarda da hakan, mai aiki da data ta waya ma ba zai ji daɗinsa ba.

Lasisi kuma a bayyana shi a fili, na kod daban, na haƙƙin ƙirƙira daban. Fedora, wata mai rarraba Linux, ta shafe shekaru da dama ba ta raba kayan aikin MP3 saboda haƙƙin ƙirƙira, shirin karɓar kuɗin lasisinsa bai ƙare ba sai 2017. Opus na ƙarƙashin lasisin BSD mai sharaɗi uku, masu haƙƙin da suka ba da gudummawa kuma sun yafe kuɗi a rubuce. A saka waɗannan takardu cikin ƙunshin kansa, tare da fayilolin gwaji da umarnin da zai kwatanta sakamako, don wanda ya haɗa laburaren a kan wayar Android ya tabbatar sautin da ya samu ya dace da na kwamfutar marubucin.