Ku tare yashin gininku kafin saukar ruwan farko

Idan za ku yi gini da damina, kada ku bari tifa ta juye muku yashi a bakin kwata. Ku sa a zube shi cikin fili, ku jera buhunan siminti cike da ƙasa ta ɓangaren gangara, sannan ku lulluɓe tsibin da tamfol.

Buhunan suna karya gudun ruwa, sai yashin ya kwanta a bayansu maimakon ya toshe magudanar unguwa. Kun tsira da kuɗinku, kun kuma kiyaye dokar hana zaizayar ƙasa da ambaliya ta 2011, wadda NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, ke kula da ita.

Amma idan filin yana kan hanyar ruwa, buhu ba zai tsinana komai ba, sai an fara gina magudana.