Yadda zaki yi burodi mai laushi a gida ko baki da obin

Uwargida, burodi fa ba wani abu bane mai wahala, abu biyu ne ke ɓata shi, ko dai yis ɗin ya mutu tun kafin ya fara aiki ko kuma an gaji da murza kwaɓin tun bai yi ba. In kika kiyaye waɗannan biyun toh saura duk mai sauƙi ne.

Ga abin da zaki tanada: fulawa kofi 4 (wajen giram 500), yis ƙaramin cokali 2, suga babban cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1, bota babban cokali 3, madarar gari cokali 2 in kina so, sai ruwan ɗumi kofi ɗaya da kwata.

Ki fara da gwada yis ɗin tukunna. Ki ɗebi rabin kofi daga ruwan nan ki zuba suga cokali ɗaya da yis ki ajiye minti 10, in ya yi kumfa a sama yana da rai, in kuwa ya kwanta shiru toh ki zubar ki sayo sabo, kar ki yi asarar fulawarki da tsadar da take yi yanzu. Kuma ruwan ya zama ɗumi kamar na wankan jariri, don yis abu ne mai rai, ruwan zafi kashe shi yake yi, na sanyi kuma sai ya yi ta barci.

Ki tankaɗe fulawa a roba ki zuba sauran suga da madara da gishiri ki juya sosai kafin ki zuba ruwan yis, saboda gishiri in ya haɗu da yis kai tsaye yana rage masa ƙarfi. Ki kwaɓa da sauran ruwan, in ya haɗe sai ki sa bota.

Nan ne fa aikin yake. Zaki ga kwaɓin yana manne miki a hannu har ranki ya ce ki ƙara fulawa, don Allah kar ki ƙara, wannan ƙarin fulawar shi ke sa burodi ya fito da tauri, ki dai shafa ɗan mai a hannu ki ci gaba da murzawa kina ninkewa kina bugawa a kan tire ko tebur mai tsafta minti 15 cur, da kanshi zai daina danƙo ya yi sumul. Ki gutsiri kaɗan ki ja a hankali, in ya miƙe siriri har haske na ratsa shi bai yage ba toh ya murzu.

Ki rufe da leda ki ajiye wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. Kar ki bi agogo sosai, a zafin watan Afrilu minti 40 ma ya isa, amma da hunturu yana iya kai awa biyu, sai ki sa robar a rana ko ki lulluɓa da bargo. In ya tashi ki danne iskar ta fita, ki naɗe shi ki sa a gwangwanin da kika shafe da bota, ya tsaya iya rabin gwangwanin, ki sake rufewa ya ƙara tashi kamar minti 30 zuwa 45. Wannan tashi na biyun mutane da yawa ke tsallakewa, shi yasa nasu ke yin nauyi.

Mai obin ta kunna shi a digiri 180 na Celsius ya yi zafi tukunna, ta gasa minti 25 zuwa 30. Wadda bata da shi ta samu babbar tukunya mai kauri ta zuba yashi mai tsafta a ƙasa, ta ɗora a gas ko gawayi a rufe minti 10 ta ɗau zafi, sai ta jera duwatsu uku ko ƙaramin murhun waya a ciki ta ɗora gwangwanin a kai yadda ba zai taɓa yashin ba, wuta kaɗan, kuma banda yawan buɗe murfi. In da gawayi ne ki ɗora ɗan garwashi a saman murfin don saman ya yi ja.

Ki ƙwanƙwasa ƙasansa, in ya yi ƙara kamar ba komai a ciki ya gasu. Ki shafa bota a sama da zafinsa, ki bar shi ya huce kafin ki yanka. Ba ya jimawa kamar na shago tunda babu maganin hana lalacewa a ciki, kwana biyu zuwa uku ne a leda, in ya yi yawa ki yanka ki sa a firiza.