Kurakuran da Ake Tafkawa a Fim ɗin Tsoro na "Faifan da Aka Tsinta"

Salon ya yi kama da abu mai sauƙi. Ana nuna wa mai kallo cewa wasu sun tafi da kyamara sun ɓace, faifansu ne kawai aka tsinta. Tun da The Blair Witch Project ya fito a 1999, aka shirya shi da kuɗi ƙalilan ya kuma tara sama da dala miliyan 240, masu shirya fim da dama suka ɗauka kyamara mai rawa da ihu cikin daji sun wadatar. In aka ƙara da wata jama'a da ta keɓe kanta a bayan gari tana bin wani shugaba, sai a ga kamar aiki ya ƙare. A nan ake yin tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne a nuna muguntar mutanen tun daga bakin ƙofa. Baƙi sun iso, kowa ya murtuke fuska, yara na kallon ƙasan ido, tsohuwa na gunaguni a lungu. To, wane mai hankali ne zai kwana a nan? Wanda yake son gyara wannan ya duba Jonestown, matsugunin da wani shugaban addini mai suna Jim Jones ya kafa. Mabiyan Jim Jones da suka bar Amurka suka tare a dajin Guyana, a Kudancin Amurka, sun je ne neman wurin da baƙar fata da farar fata za su zauna daidai, ga gona, ga ɗakin shan magani, ga makarantar yara. Daren 17 ga Nuwamba 1978, da ɗan majalisar Amurka Leo Ryan ya iso da 'yan jarida, abinci da kiɗa da rawa aka tarbe su da shi. A cikin wannan shagalin ne wani ya faki ido ya miƙa wa ɗan jarida 'yar takarda yana neman a fitar da su. Washegari aka harbe Ryan a filin jirgin Port Kaituma, mutum sama da 900 suka mutu, da yawansu ta hanyar shan guba, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Tsoron yana cikin wannan 'yar takardar. Ka ba jama'arka fara'a ta gaske, ka bar mai kallo ya ji shi ma zai iya zama da su, sannan ka saki abu ɗaya da bai yi daidai ba: maigadi da bindiga a ƙofar gona, ko mace da ta yi shiru da zarar wani ya wuce.

Haka shugaban. Ana yawan ba shi jajayen idanu da tsawa. Mabiyan Jones "Baba" suke ce masa, kuma da daɗin baki ya tara su. Fim ɗin The Sacrament na 2013, wanda ya ɗauko labarinsa daga Jonestown, ya gane haka: wurin da ya fi tayar da tsikar jiki hira ce kawai, shugaban na zaune yana amsa tambaya cikin natsuwa har ɗan jaridar ya rasa ta cewa.

Sai tambayar da ke kashe rabin finafinan nan: me ya sa har yanzu mai kyamara yake ɗauka? Ana bin mutum da adda, shi kuwa yana saita hoto. Tun wajen rubuta labari ake toshe wannan ƙofar. Ko dai kyamarar a ɗaure take a kansa, ko fitilarta ce kaɗai hasken da yake da shi, ko ta faɗi ƙasa tana ɗaukar ƙafafu. Wanda na fi so shi ne jama'ar da kansu su karɓe ta, domin irin waɗannan ƙungiyoyi suna son adana tarihinsu. Jones kansa ya bar kaset na jawabinsa na ƙarshe. Kuma kada a manta da batir. Wurin da ba wuta, wa ke ba ka caji? Wanda ke riƙe da janareta shi ke riƙe da kai, kuma wannan kaɗai ya isa fage guda.

Kiɗa ma matsala ne. Faifan da aka tsinta a daji, wa ya sa masa goge mai ban tsoro? In za ka sa, ka faɗa tun farko cewa wani gidan jarida ne ya tace shi. In ba haka ba, ka ɗauki sautinka daga cikin wurin: waƙar ibadarsu daga nesa, ƙararrawar cin abinci, lasifikar da muryar shugaba ke fita dare da rana kamar yadda ake yi a Jonestown. Hoto mara kyau mai kallo zai yafe, amma maganar da ba a ji ba za ta kore shi, don haka kuɗin da ka rage a kyamara ka zuba shi a makirufo.

Girgiza kyamara ba gaira ba dalili kuwa jiri kawai take sa mutane. Ɗan jarida ya iya riƙe kayan aikinsa. Bari hannunsa ya tsaya cak a farko, ya fara rawa lokacin da zuciyarsa ta fara.

Akwai kuma lalacin aro addinin mutane. A ɗauko tufafin wata ɗarika ko coci da kowa ya sani, a liƙa musu yankan mutane. Ban da rigimar da hakan ke jawowa, fim ɗin ma rauni yake yi, domin mai kallo ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara. Ka zauna ka ƙirƙiri naka: yadda suke gaisawa, abin da ba sa ci, sunan da suke kiran mutanen waje, ranar da suke jira. Ka rubuta shi shafi biyu ko uku ka raba wa 'yan wasan da za su fito a mabiya, amma ka hana wa masu fitowa a baƙi. Ranar ɗauka, ruɗewar da za ta bayyana a fuskarsu ba sai darakta ya koya musu ba.